Darasi na Goma Sha Biyu: Gasa Talotalo Domin Bikin Iyali

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin inda al'adar cin talotalo a ranar biki ta samo asali;
2. lissafa girman talotalon da zai ishi gidansa da ranar da ya kamata ya fara shiri;
3. gasa shi ya nuna har ƙashi ba tare da tsokar ta bushe ba;
4. haɗa abincin da ake ci da shi;
5. adana abin da ya rage yadda ba zai cutar da kowa ba.

Gabatarwa

Kaza takan dahu cikin sa'a guda, in ma ta ɗan wuce wuta miya za ta rufa mata asiri. Talotalo ba haka yake ba. Tsuntsu ne da kan kai kilo biyar zuwa goma, ana gasa shi ɗungurungum, a kawo shi gaban mutane babu miyar da za ta ɓoye aibinsa. In ya bushe kowa zai ji a baki, in kuma cikinsa ɗanye ne gida duka na iya kwana da ciwon ciki. Mafi yawan waɗanda talotalo ya ba kunya sun iya girki sarai. Abin da ya kayar da su shi ne sun fara a makare. Saboda haka wannan darasi rabinsa girki ne, rabinsa lissafi: lissafin baki, lissafin kwanaki, da lissafin zafin wuta.

Asalin al'adar

Talotalo ɗan asalin nahiyar Amurka ne. Mutanen ƙasar da yau ake kira Meziko ne suka fara kiwonsa tun ƙarnoni kafin zuwan Turawa. Sifaniyawa suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16, daga nan ya bazu cikin duniya har ya iso gidajenmu.

A Amurka babbar ranarsa ita ce Ranar Godiya, wadda ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Ana danganta ta da wata walima ta kaka da aka yi a Plymouth a shekarar 1621. Turawan Ingila da suka iso wurin a jirgin ruwan Mayflower sun rasa kusan rabin mutanensu a hunturun farko. Mutanen Wampanoag, masu ƙasar, su ne suka nuna musu yadda ake noman masara a wurin. Da amfanin gona ya zo gida sai aka yi kwana uku ana ci tare, shugaban Wampanoag, Massasoit, ya zo da mutum kusan 90, suka kuma kawo naman barewa. A 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana ranar ta zama ta ƙasa baki ɗaya, bayan wata marubuciya mai suna Sarah Josepha Hale ta yi shekaru tana kiran a yi hakan. A 1941 majalisar dokoki ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu. Zaman lafiyar da aka yi a waccan walima bai ɗore ba, domin daga baya an ƙwace ƙasar 'yan asali an kuma kashe su da yawa. Shi ya sa tun 1970 wasunsu ke taruwa a Plymouth a wannan rana su yi zaman makoki. Mutanen Kanada su ma suna da tasu Ranar Godiya, Litinin ta biyu a watan Oktoba.

A Ingila kuwa, ranar Kirsimeti ake cin talotalo. Kafin zuwan jirgin ƙasa, makiyaya kan koro garkunan talotalo a ƙafa daga yankin Norfolk har kasuwannin Landan, tafiyar makonni, domin su isa kafin biki. A wancan zamani abincin masu hali ne, talaka dinya yake ci. Sai bayan tsakiyar ƙarni na 20, da kiwo ya bunƙasa firiji ya shiga gidaje, ya zama na kowa.

Matsayinsa a waɗannan ƙasashe ya yi kama da na ragon Sallah a gidan Bahaushe: shi ne abin da ake taruwa a kansa, sai dai shi ba ibada ba ne, al'ada ce kawai. 'Ya'ya kan taso daga garuruwa masu nisa su zo gidan iyaye, a zauna a teburi ɗaya, a wasu gidajen kowa ya faɗi abin da yake gode wa Allah a kansa a wannan shekara. Hausawan da ke zaune a can, kamar na unguwar Bronx a birnin New York, su ma sukan sami hutun Ranar Godiya, wasu su nemi talotalon yankan Musulmi su tara 'yan uwa. A nan gida, Kiristoci a Jos da Kaduna da Wusasa kan yanka shi a Kirsimeti, manyan otal na gasa shi a ƙarshen shekara, kuma mai neman aikin kuku zai ƙaru ƙwarai da iya shi.

Baki nawa, kilo nawa?

Ƙa'idar mai sauƙi ce: rabin kilo na ɗanyen talotalo ga kowane babban mutum. Kada wannan ya yi muku kama da ɓarna, domin ƙashi da fata da ruwan da zai tsane a wuta sun cinye kusan rabin nauyin. Gidan mutum 12 yana buƙatar talotalo mai kilo 6. In mutanen sun kai 20, matsakaita biyu sun fi ƙato ɗaya, saboda ƙato kafin wuta ta isa cikinsa wajensa ya bushe. A kuma auna cikin obin kafin a tafi kasuwa. Ba ƙaramin tashin hankali ba ne a wayi gari ranar biki a ga tsuntsu ya ƙi shiga.

Talotalo iri biyu za ku tarar. Akwai farin nan na gidan gona mai faɗin ƙirji, wanda aka yi ta zaɓen irinsa har nauyi ya hana shi tashi sama. Ana yanka shi yana ɗan watanni, namansa da taushi, shi ne ya dace da gashin ɗungurungum. Akwai kuma na gida mai kiwon sake, wanda ya yi yawo ya yi shekara ko fiye. Namansa ya fi ɗanɗano amma ya fi tauri, kuma hanyarsa daban ce, za mu zo kanta. In mai rai za a saya, a duba wanda idonsa ke garau, yana tafiya da kuzari, hancinsa ba ya yoyo, a kuma taɓa ƙirjinsa a ji tsoka ta rufe ƙashi. In daskararre ne, ya kasance da tauri ko'ina, ledarsa ba ta yage ba, babu jan ruwa da ya taru ya sake daskarewa a gindinta, domin wannan alama ce ta cewa ya taɓa narkewa a hanya. Musulmi ya tabbatar da yankan kafin ya biya kuɗi. Wasu littattafan girkin Turawa na cewa a lulluɓe ƙirjin da naman alade ko a zuba giya a romo, amma man shanu da ruwan lemon tsami suna yin wannan aiki daidai.

Lissafi daga baya zuwa gaba

A fara da tambaya ɗaya: ƙarfe nawa za a ci? Daga nan sai a riƙa komawa baya. Ga misalin talotalo daskararre mai kilo 6 da za a ci ranar Alhamis da ƙarfe 2:00 na rana:

Alhamis 1:45: yankawa da jerawa a faranti.
Alhamis 1:15: fitarwa daga obin, ya huta rabin sa'a.
Alhamis 9:45: sakawa a obin, gashin sa'a uku da rabi.
Alhamis 9:15: kunna obin, fito da talotalo a shafa masa mai.
Laraba da safe: shafa gishiri a mayar firiji, dafa romo, gasa abin zaƙi.
Lahadi da safe: fito da shi daga firiza zuwa firiji ya fara narkewa.
Asabar: cefane.

Ku lura, abincin Alhamis tun Asabar aka fara shi. Wanda ya yanka mai rai ba ruwansa da kwanakin narkarwa, sai ya yanka ranar Laraba da safe in yana da firiji mai aiki, in babu kuwa ya yanka da asubar ranar bikin. A rubuta wannan jadawali a manna a bangon kicin, a sa sunan mai kowane aiki a gefensa: wane zai fere dankali, wance za ta kula da romo, wane zai kawo gawayi ko ya cika tukunyar gas. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, kuma uwar gida ita ma tana da haƙƙin ta zauna ta ci tare da baƙinta.

Narkarwa da tsafta

Ɗanyen naman tsuntsaye yakan ɗauki ƙwayoyin cuta irin su salmonela, masu kawo gudawa da amai da zazzaɓi, kuma sun fi yi wa yara da tsofaffi da masu juna biyu illa. Waɗannan ƙwayoyi suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 4 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos. Zafin ɗakunanmu yana tsakiyar wannan zango. Shi ya sa ba a ajiye daskararren talotalo a kan teburi ya kwana, ba a kuma shanya shi a rana: wajensa zai ɗumame ƙwayoyi su yi ta yaɗuwa alhali cikinsa ƙanƙara ne.

Hanyoyi biyu ne masu aminci. Ta farko a firiji, kwana ɗaya ga kowane kilo 2, wato kwana uku ga mai kilo 6. A ɗora shi cikin tire a can ƙasan firiji don kada ruwansa ya ɗiga a kan wani abinci. Ta biyu a ruwan sanyi, ga wanda lokaci ya ƙure masa ko wutar lantarkinsa ba ta da tabbas. A bar shi cikin ledar da ba ta yoyo, a nutsar da shi a babban baho, a riƙa sauya ruwan duk bayan rabin sa'a. Kowane kilo yana cin kimanin sa'a guda. Wanda aka narkar ta wannan hanya gasa shi ake yi nan take.

Da ya narke, a sa hannu a cikinsa ta gaba da ta baya. Masu sayarwa kan cusa wuya da ƙundu da hanta da zuciya a ciki, sau da yawa cikin 'yar leda. A fito da su, su ne za su zama romo. Talotalon kanti da aka riga aka gyara ba ya buƙatar wanki, domin ruwa ba ya kashe ƙwayoyin, fantsama su yake yi a kan kwanuka da tufafi. Goge shi kawai za a yi da takardar goge hannu. Wanda aka yanka a gida dole a fige shi, a babbake ƙananan gashin, a fasa ciki a hankali don kada matsarmama ta fashe ta sa nama ɗaci, sannan a ɗauraye jini. A yi wannan a wuri guda nesa da dafaffen abinci da kayan lambu, a kuma wanke wurin da wuƙa da katako da hannu da sabulu da zarar an gama.

Gishiri da kayan ƙamshi

Babban sirrin taushin talotalo gishiri ne da aka ba lokaci. Kwana ɗaya kafin gashi, a ɗauki babban cokali biyu na gishiri ga mai kilo 6, a haɗa da dakakken masoro da citta da tafarnuwa da ɗan tayim. A cusa yatsu tsakanin fata da tsokar ƙirji a hankali, a ɗaga fatar ba tare da ta yage ba, a shafa haɗin a kan tsokar kanta, da cinyoyi, da cikin ciki, saura a bi fata da shi. A mayar firiji a buɗe. Da farko gishirin zai jawo ruwa waje, daga baya ruwan ya koma ciki da gishirin, ya sassauta tsoka ta yadda za ta riƙe ruwanta a wuta. Iskar firiji kuma ta busar da fata, busasshiyar fata ce ke yin ja ta yi ƙaras-ƙaras. A karanta ledar talotalon kanti tukuna: in an rubuta cewa an yi masa allurar ruwan gishiri, kada a ƙara wani.

Da safen biki a kwaɓa man shanu ko bota kamar rabin kofi da tafarnuwa, a tura rabi ƙarƙashin fatar ƙirji, a shafe jiki da sauran. A jefa albasa biyu da aka raba da lemon tsami ɗaya a cikin ciki, kada a cika shi taf, a bar wa zafi hanya. A lanƙwasa bakin fukafukai zuwa baya don kada su ƙone, a ɗaure ƙafafu sako-sako da zaren auduga.

Gashi

Wahalar talotalo ita ce nama iri biyu ne a jiki ɗaya. Ƙirji fari ne, ba kitse, ba jijiya, yana nuna da wuri, da ya wuce kuma sai ya bushe ya riƙa maƙalewa a wuya. Cinya kuwa ta sha tafiya, namanta ja ne mai jijiyoyi, sai ta daɗe a wuta take sakin jiki. Aikin mai gashi shi ne ya kare ƙirji ya bar cinya ta sha zafi.

A kunna obin ya kai digiri 165 kafin a saka komai. Kada a yi ƙasa da haka da niyyar ya kwana yana gasuwa a hankali, domin naman zai daɗe a zangon da ƙwayoyi ke so. A shimfiɗa manyan yankan albasa da karas a tire mai zurfi, a ɗora talotalo a kansu ƙirji sama, a zuba ruwa kofi biyu a ƙasa don kada man da zai ɗiga ya ƙone. A wannan zafi, mai kilo 4 zuwa 5 yana cin kusan sa'a uku, mai kilo 6 sa'a uku da rabi, mai kilo 8 sa'a huɗu da 'yan mintoci. Idan ƙirji ya yi launin zuma, yawanci bayan sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu, a rufa masa takardar foyil sako-sako, a bar cinyoyi a buɗe. A daure kada a riƙa buɗe ƙofa ana leƙe. Duk buɗewa zafi ne ke fita, lokaci kuma ya ƙaru.

Agogo kusantar da mutum kawai yake yi, ma'aunin zafin nama shi ke yanke hukunci. Ɗan ƙaramin ƙarfe ne mai tsini. Saura rabin sa'a lokaci ya cika, a soka shi a wuri uku: tsakiyar kaurin ƙirji, can cikin cinya kusa da jiki, da gindin fiffike, ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Ko'ina dole ya kai digiri 74, wato 165 a ma'aunin Faranhait da ake amfani da shi a Amurka. Cinya ta fi daɗi in ta kai 80. Wanda ba shi da ma'auni ya soka wuƙa a gaɓar da ta haɗa cinya da jiki: ruwan da zai fito ya zama garau babu ja ko kaɗan, tururi na tashi, ƙafa kuma tana juyawa cikin sauƙi in an motsa ta. In da shakka a mayar na minti ashirin.

Da ya fito, kada a taɓa shi da wuƙa. A ɗora masa foyil a ba shi rabin sa'a. Ruwan da zafi ya tayar zai lafa ya zauna cikin tsoka. In aka yanka da wuri, a katako ruwan zai ƙare. Ba zai huce ba, tsuntsu mai wannan girma yana riƙe zafinsa fiye da sa'a guda. A cikin wannan rabin sa'a ne obin ya zama na sauran abinci. A nan ne kuma kicin ya fi cika da mutane da mai mai zafi, don haka a fitar da yara. A Amurka babu ranar da gobarar girki ta fi tashi a gidaje kamar Ranar Godiya.

In babu obin, ko talotalon tsoho ne

A rarraba shi: cinyoyi biyu, fukafukai biyu, ƙirji a tsage biyu. A sa cinyoyi da fukafukai a tukunya da albasa da citta da kanumfari da kimba da gishiri, a dafa da ƙaramar wuta har cokali mai yatsu ya shige ba gardama. Daga tukunya a wuce da su kan waya bisa garwashin gawayi, ana shafa mai ana juyawa har su yi ja. Ƙirjin a gasa shi a gefen garwashi inda zafi bai yi tsanani ba, a kifa masa babban kwano, ko a yi masa gashin tukunya: yashi mai tsabta a ƙasan babbar tukunya, tire a kan duwatsu uku, murfi da garwashi a sama. Sharaɗi ɗaya ne ba ya canzawa: kada a yi wa nama rabin dahuwa yau a ce gobe a ƙarasa. Abin da aka ɗora a wuta a kai shi ƙarshe a zama ɗaya.

Abokan ci

Romo mai kauri. Ranar Laraba a dafa wuya da ƙundu da zuciya da albasa da karas na sa'a ɗaya da rabi, a tace. Bayan talotalo ya fito, a juye ruwan tire a kofi, mai zai taso sama. A ɗebi babban cokali huɗu na man a tukunya, a zuba fulawa cokali huɗu, a juya har ta yi launin ƙasa-ƙasa ƙamshi ya tashi. Sai a riƙa tsiyaya romo kofi uku da sauran ruwan tire kaɗan-kaɗan ana juyawa don kada ya yi gudaji. A ɗanɗana kafin a sa gishiri.

Dakakken dankali. Dankalin Turawa kilo 2 ya ishi mutum 12 tunda ga sauran abinci. A fere, a dafa da gishiri har ya yi luguf, a tsane ruwan sarai, a murƙushe da zafinsa, a zuba bota da madara mai ɗumi. Kada a kirɓa shi a turmi, zai yi danƙo.

Haɗin burodi. Burodin da ya kwana a yanka shi ƙanana, a soya albasa da seleri a bota, a haɗa da ganye mai ƙamshi da ƙwai biyu da romo har ya jiƙa. A al'ada cikin talotalo ake cusa shi, amma ya fi aminci a gasa shi a tirensa daban, minti 30 zuwa 40 a digiri 180. Wanda aka cusa a ciki yana shan ruwan ɗanyen nama, kuma kafin tsakiyarsa ta kai digiri 74 ƙirji ya riga ya bushe.

Mai tsami. Amurkawa na dafa wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami da ake kira kiranberi, da sukari da ruwa, minti goma, su yi kauri. Amfaninsa ya yanke maiƙo a baki. Kiranberi ba ya fitowa a ƙasarmu, amma zoborodo yana da tsamin da launin. A wanke busasshen zoborodo kofi biyu ya rabu da yashi, a dafa da ruwa kaɗan da citta har ya yi laushi, a niƙa, a mayar wuta da sukari har ya kama cokali.

Abin zaƙi. Fai ɗin kabewa shi ke rufe teburin Ranar Godiya. Dafaffiyar kabewa da aka murƙushe aka tsane kofi biyu, ƙwai biyu, ƙananan gwangwanin madarar ruwa biyu, sukari kashi uku cikin huɗu na kofi, kirfa da citta da ɗan kanumfari. A zuba a kan kwaɓin fulawa da bota da aka shimfiɗa a tire, a gasa kusan sa'a guda a digiri 180. Tunda da ƙwai da madara a ciki, firiji ne wurin kwanansa. Gidan da ba ya jin an ci abinci sai da shinkafa, ya dafa dafa-duka ya ajiye a gefe, talotalo yana tafiya da ita sosai.

Yanka da rabo

A wasa wuƙa tun da safe. A ja ƙafa gefe, a yanke fatar da ke tsakaninta da jiki, a danna har gaɓa ta ɓalle, a raba cinya da ƙwauri. A cire fukafukai haka nan. Sannan a bi gefen ƙashin tsakiyar ƙirji da wuƙa, a ɓamɓaro tsokar kowane ɓangare gaba ɗayanta, a kwantar a katako, a yanka ta a gicciye, kowane yanki da 'yar fatarsa. A jera fari a gefe, ja a gefe, kowa ya ɗauki wanda yake so. Tsofaffi da ƙananan yara a fara ba su ƙirji da romo, ya fi sauƙin tauna. Kafin a zauna a fitar da kwanon maƙwabta. A Amurka ma mutane da yawa kan tafi wuraren ciyar da marasa galihu su yi aikin sa kai a Ranar Godiya, domin godiyar da ba ta kai ga wani ba ba ta cika ba.

Abin da ya rage

Dafaffen nama ba ya wuce sa'a biyu a waje, in kuma zafin gari ya haura digiri 32, sa'a ɗaya ce. Kada a tura gangar jikin firiji yadda take, cikinta zai daɗe bai huce ba. A zare naman daga ƙashi, a zuba a ƙananan kwanuka marasa zurfi, a rufe. A firiji yana yin kwana uku zuwa huɗu, in za a ci a ɗumama shi har tururi ya tashi daga tsakiyarsa. Inda wuta ba ta zama, a daka naman tun ranar, a soya shi da yaji har ya bushe ƙayau ya zama dambu. Ƙasusuwan kuma a tafasa su da attaruhu da citta da daddoya, ga farfesun dare ya samu.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka fara kiwon talotalo, su wa suka kai shi Turai?
2. Me ya faru a shekarun 1621 da 1863 da 1941 game da Ranar Godiya?
3. Me ya sa wasu 'yan asalin Amurka ke zaman makoki a wannan rana?
4. Gida mai mutum 16 zai sayi talotalo mai kilo nawa? Kwana nawa zai yi yana narkewa a firiji? Sa'a nawa a ruwan sanyi?
5. Me ya sa ƙirji ke riga cinya nuna, yaya ake kare shi?
6. A waɗanne wurare uku ake soka ma'aunin zafi, digiri nawa ake nema?
7. Kawo dalili biyu na gasa haɗin burodi a tire daban.

Aikin yi

Ku rabu uku-uku. Kowace ƙungiya ta zaɓi biki ɗaya da yawan baƙinta da lokacin cin abinci, ta rubuta jadawali daga baya zuwa gaba har ranar cefane, da sunan mai kowane aiki. Ku tambayo farashin talotalo mai rai da na daskararre a kasuwarku, ku lissafa nawa abincin mutum ɗaya zai tashi. Kafin darasi na gaba, kowa ya gwada shafa gishiri na kwana ɗaya a kan kaza a gida, ya zo ya gaya wa aji bambancin da ya ji.